DARASIN TSABTA: YADDA AKE AUNA LAKA A MAGUDANAR RUWA

Ruwan wanka da na wanke-wanke ba ya fita daga gida shi kaɗai. Yana tafe da yashi da toka da guntun abinci. In gudun ruwan ya ragu, sai su kwanta a gindin bututu ko kwalbati, su zama laka. Kullum lakar tana ƙaruwa, hanyar ruwa tana ƙanƙancewa. Ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, sai ƙazanta ta koma cikin gidaje, ta jiƙa gindin katanga, har ta gangara rijiya. Daga nan ake samun amai da gudawa. Sauro kuma a kwantaccen ruwa yake hayayyafa.

Ba sai an jira magudana ta toshe ba. Awo shi ke nuna lokacin yasa.

Kayan awo

A sami sanda miƙaƙƙiya mai tsini. A sa mata alama da fenti a kowace santimita 10. A naɗa farin ƙyalle a ƙasanta, a ɗaure tamau.

Yadda ake yi

1. A tsaya a bakin kwalbati ko ramin dubawa.
2. A soka sandar a tsaye har ta taɓa gindi.
3. A dakata kaɗan, sannan a zaro ta a hankali.
4. Inda baƙin laka ya tsaya a jikin ƙyallen, nan ne zurfinta.
5. A rubuta rana da wuri da zurfi a littafi.

Misali

Kwalbati mai zurfin santimita 60, in laka ta kai santimita 20, ta ci kashi ɗaya cikin uku ke nan. To, a kira aikin gayya a yashe. A auna kafin damina, da tsakiyarta, da bayanta. Littafin zai nuna wurin da ya fi saurin cika, sai a fara da shi. Lakar da aka kwashe a kai ta nesa, don kada ruwa ya mayar da ita.

Gargaɗi

Kada kowa ya shiga rufaffen ramin ƙazanta. Akwai muguwar iska a ciki mai kashe mutum nan take. A sa takalmin roba da safar hannu, a wanke hannu da sabulu bayan aiki. In abin ya gagara, a sanar da duba-gari. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke haɗuwa ya zama laka?
2. Bututu mai zurfin santimita 30, laka nawa za ta kai kafin a yashe shi?