Gwaji ya wuce, sabar ta ƙi: yadda ake haɗa buƙatar gwaji a Django

Wani mai karatu ya aiko da tambaya. Ya rubuta manhaja da Django wadda ke toshe duk adireshin IP da aka yi ta kuskuren kalmar sirri daga gare shi. A kwamfutarsa gwaji ya wuce lami lafiya. Da ya ɗora ta kan sabar, mutum ɗaya ya yi kuskure, sai manhajar ta rufe wa kowa ƙofa.

Malam, matsalar tana cikin buƙatar da ka yi gwajin da ita, domin ba ta yi kama da wadda sabar ke kawowa ba.

Duk lokacin da burauza ta nemi shafi, sabar tana tattara bayanan buƙatar ta miƙa wa manhajar Python bisa ƙa'idar WSGI, wadda aka rubuta a PEP 333 a 2003, aka sabunta ta a PEP 3333 a 2010. Django yana ajiye waɗannan bayanai a request.META. Can za ka sami REMOTE_ADDR, da SERVER_NAME, da kanun buƙatar, amma da sunayensu a sauye: ana mayar da su manyan baƙaƙe, karan tsakiya ya koma karan ƙasa, a liƙa musu HTTP_ a gaba. Shi ya sa X-Forwarded-For, kan da sabar da ke tsakani ke rubuta adireshin baƙo a ciki, ke zama HTTP_X_FORWARDED_FOR. CONTENT_TYPE da CONTENT_LENGTH ne kawai ba a liƙa wa komai. Tun daga Django 2.2 akwai request.headers, wanda ke karanta kanun da sunansu na asali, kuma shi na fi so.

To, ga inda ka zame. Idan Nginx na tsaye gaban manhajarka, REMOTE_ADDR adireshin Nginx ɗin ne, ba na baƙonka ba. Kowa ya shigo da adireshi ɗaya, don haka laifin mutum ɗaya ya shafi jama'a. Kayan gwajin Django kuwa suna sa 127.0.0.1 idan ba ka faɗi wani ba, saboda haka gwajinka bai taɓa ganin baƙi biyu mabambanta ba.

Kada ka yi gaggawar ɗaukar MagicMock, abin kwaikwayo na gwaji a Python, ka ce shi ne buƙata. Duk abin da ka tambaye shi zai ba ka amsa, ko da babu abin a buƙatar gaske. Ka tambaye shi ko mai amfani ya shiga asusunsa, amsar za ta wuce a matsayin e. Tamkar shaidan da ke gaskata duk abin da alƙali ya faɗa ne, ba a gina hukunci a kansa.

Yi amfani da RequestFactory, wanda ke cikin Django tun sigar 1.3. Yana haɗa buƙata ta haƙiƙa, kai kuma ka cusa mata REMOTE_ADDR da HTTP_X_FORWARDED_FOR da kake so. Sai dai ka sani ba ya bi ta matakan middleware, don haka request.user da session da hannunka za ka sa su, in baƙo ne ka sa AnonymousUser. Idan kana son buƙatar ta bi hanya tun daga URL har ƙarshe, Client za ka ɗauka. Daga sigar 4.2 duka biyun suna karɓar headers kai tsaye. Don adireshin gwaji, ɗauko daga jerin 203.0.113.0/24, wanda RFC 5737 ta keɓe don misalai.

Gwajin da na fi damuwa da shi shi ne na maƙaryaci. Kowa na iya rubuta X-Forwarded-For da kansa ya aiko. Idan an saita Nginx ya ƙara adireshin da ya gani, a ƙarshen jerin yake sa shi, ta hannun dama. Na farkon jerin kuwa mai yiwuwa baƙo ne ya rubuta. Idan manhajar ta yarda da na farkon, mai kutse zai riƙa sauya adireshi a kowane yunƙuri ba tare da an taɓa toshe shi ba. Saboda haka ka haɗa buƙata mai adireshin bogi a farko da na gaske a ƙarshe, ka tabbatar na ƙarshen aka toshe. Ka haɗa wata da babu wannan kan sam, ka ga ko manhajar za ta faɗi.

Kafin ka rubuta ko ɗaya daga cikinsu, buɗe saitin Nginx ɗinka ka ƙirga sabar nawa ke tsakanin baƙo da Django. Wannan adadin ne zai gaya maka adireshi na nawa daga dama za ka yarda da shi.