Amsar Tambaya: Motoci na tsala gudu a ƙauyenmu

Malam, titi ya ratsa tsakiyar ƙauyenmu, direbobi kuma ba sa sassautawa ko a bakin makaranta. Matasanmu na so su riƙa tare masu gudu. Ya halatta? — Wani uba daga Jigawa

Malam, Allah ya tsare mana yaranmu. Damuwarka ta taɓa ni, amma kada ku tare kowa. Tsayar da mota aikin hukuma ne, kuma shingen duwatsu ko kututture kan jawo haɗarin da ake gudu, balle da dare.

A ƙauyukan Ingila akwai tsarin da ake kira Community Speedwatch. 'Yan sanda ne ke horar da 'yan sa-kai, su zaɓa musu wurin tsayawa. 'Yan sa-kan sukan sa riga mai ƙyalli, su auna gudu da na'urar hannu, su rubuta lambar mota da lokaci. Ba sa cin tarar kowa. 'Yan sanda ne ke aika wa mai motar takardar gargaɗi. Sau da yawa ganin 'yan sa-kan kawai kan sa direba ya rage gudu.

Mu ma muna da ƙofa. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da nata 'yan sa-kai, kuma ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa. Ku ɗauki mako biyu kuna rubuta lambobi da lokutan da abin ya fi ƙamari, musamman ranar kasuwa. Sai mai gari ya jagorance ku zuwa ofishin hukumar mafi kusa, ku nemi horo da allon gargaɗi. Ku biya ta tasha kuma, shugabannin direbobi su ji daga bakinku.