Darasi: Mu tsara tuwon dare na mako tare da iyali

Hatsin da ba a aunawa ba ya kai mu kaka. Saboda haka, kafin ranar kasuwa, mu zauna da iyali mu tsara abincin dare na kwana 7.

Maigida ya faɗi tiya nawa za a fitar daga rumbu, da kuɗin cefane. Mata su faɗi kayan miyar da suka ƙare. Mu tambayi tsofaffi abin da suke iya taunawa, mu saurari yara ma.

Jiki yana bukatar abinci iri 3:

1. Mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, shinkafa, mai.
2. Mai gina jiki: wake, gujiya, kifi, ƙwai, nono.
3. Mai kare jiki: zogale, kuka, yakuwa, tumatir, kabewa.

Kowane dare mu haɗa ukun. Misali: Litinin, tuwon hatsi da miyar kuka da busasshen kifi. Talata, shinkafa da wake da tumatir. Laraba, dambun zogale da ƙuli-ƙuli.

Ƙaramin yaro a zuba masa nasa a kwanonsa daban, don a ga abin da ya ci. Mai ciki da mai shayarwa a ƙara musu.

Aiki: mu ɗauki alƙalami mu rubuta abincin sauran kwana 4.