Idan Mota Ta Lalata Mana Kaya, Me Za Mu Yi?

A makon jiya wata mota ta yi baya a wurin da malamanmu ke ajiye ababen hawa, ta murƙushe keken wani ɗan ajinmu. Da keken nan yake zuwa makaranta daga nesa, kuma babansa ba shi da halin saya masa wani. Direban ya ce shi bai taɓa komai ba. Wannan ya sa muka tambayi malamin ƙungiyarmu, ga abin da muka koya.

Na farko, kada mu ɗauke kayan sai an ɗauki hotonsu, an rubuta lambar motar. Na biyu, mu nemi waɗanda suka gani da idonsu. Na uku, mu kai wa shugaban makaranta ƙorafi a rubuce, da rana da lokaci. Na huɗu, mai gyara ya rubuta kuɗin aikin, mu adana rasit.

Dokar Najeriya ta wajabta wa masu motoci yin inshorar da ke biyan ɓarnar da suka yi wa wasu. Daga Janairun 2023, mai motar gida yana biyan naira 15,000 a shekara, kamfanin inshora kuma yana iya biyan har naira miliyan 3 kan dukiyar da motar ta lalata.

Mai gadi ne ya ceci abokinmu. Ya shaida cewa ya ga lokacin da motar ta taka keken, kuma keken yana wurin da aka ware wa kekuna. A ofishin shugaban makaranta direban ya amince ya biya kuɗin gyara. Da a bayan motoci aka yar da keken, da mu ma an ga laifinmu.