Bindigar da za ta dace da ke a wasan harbin faifan yumɓu

'Yar'uwa, in ba ki da girman jiki kuma kin fara zuwa filin harbin faifan yumɓu a Ingila ko Amurka, kada ki yarda a miƙo miki bindiga mafi rashin nauyi wai don ke mace ce. Bindiga maras nauyi ta fi shuri. Da yawa sun bar wasan nan saboda kafaɗa ta yi tsami tun ranar farko.

Abin dubawa shi ne gindin bindigar. Yawanci an yanka shi daidai da ƙirar maza, kusan inci 14 da rabi daga kunama zuwa ƙarshe. Mace mai gajeren hannu sai ta ga tana miƙa wuya, kuncinta bai zauna a kan katakon ba, idonta ya faɗa ƙasa da layin bakin bindiga. Ki sa maƙerin bindiga ya rage tsawon, ya ɗaga wurin ɗora kunci. Kamfanin Syren ma bindigogin mata kaɗai yake ƙerawa.

Wajen faɗin baki kuwa, bindiga mai lamba 20 ba laifi, amma mai lamba 12 da harsashi mai giram 24, irin na gasar Olamfik, takan fi taushi a kafaɗa.

A gwada miki wane ido ne ya fi rinjaye, ki toshe kunne, ki sa tabarau. Kada ki biya kuɗin bindiga sai kin ari irinta kin harba a gaban mai koyarwa.