Me Ya Sa Yis Ke Komawa Ja?

Yis ɗin da ake kwaɓa fanke da burodi da shi a nan Birnin Gwari halitta ce mai rai, mai ƙwaya ɗaya tal. A 1996 masana suka gama karanta DNA ɗinsa, suka tarar da ƙwayoyin gado kusan 6,000.

Ɗaya daga ciki sunanta ADE2. Tana taimaka wa yis ya haɗa adenin, wato A ɗin nan na haruffan DNA huɗu: A, T, G, C. Haɗa shi kuwa ba a tashi ɗaya ba ne, matakai ne fiye da goma a jere.

To, in ADE2 ta lalace fa? Ku tuna hanyar Kaduna in tirela ta mace a kan gada: motoci sai su yi cincirindo a baya. Haka sinadarin da ke jiran ADE2 yake taruwa a cikin ƙwayar, iska ta taɓa shi, farin yis ya koma ja. Ido kawai ya isa a gani.

Ga inda abin ya fi daɗi. In wani mataki da ya riga ADE2 shi ma ya lalace, sai yis ya zauna fari, don babu motar da ta iso gadar. Da launi kaɗai ake gane matakin da ya riga ta.

Jikinmu ma ta irin wannan hanya yake haɗa adenin, kuma ita wasu magungunan ciwon daji ke toshewa don ƙwayoyin cutar su kasa yaɗuwa.