Karanta Rajistar Wi-Fi Kafin A Je Wurin Mai Gyara

Mutane da yawa, in kwamfuta ko waya ta ƙi kama intanet, sukan fara da ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, sa'an nan su ɗauki na'urar su nufi kasuwa wurin mai gyara. Sau da yawa akan biya kuɗin gyaran abin da lafiyarsa ƙalau, a komo gida a tarar da matsalar tana nan inda aka bar ta. Alhali kuwa na'urar da kanta ta riga ta rubuta abin da ya faru. Kamar yadda maigadin ofis yake da littafin da yake rubuta mai shiga da mai fita da lokacin kowa, haka kwamfuta da waya suke da rajistar da suke rubuta ma'amalarsu da rauta, watau akwatin nan mai rarraba Wi-Fi a gida ko ofis.

Kafin na'ura ta kai ga intanet, tilas ne ta wuce matakai huɗu bi da bi. Da fari ta ji siginar rauta ta nemi izinin haɗuwa. Sa'an nan su yi musayar saƙo huɗu domin tabbatar da kalmar sirri. Bayan wannan rauta ta ba ta adireshi, watau lambar da za a riƙa aiko mata da saƙo a kanta. Daga ƙarshe rautar ta sada ta da kamfanin sadarwa. Abin da ake nema a rajista shi ne a san matakin da aka tsaya, gama maganin kowane daban ne, kuma na ƙarshen ne kaɗai ya shafi kamfani.

Mai kwamfutar Windows 10 ko 11 sai ya buɗe Command Prompt da izinin mai kula da na'ura, ya rubuta netsh wlan show wlanreport. Kwamfutar za ta haɗa rahoton kwana 3 da suka wuce, ta kuma nuna inda ta ajiye shi. Kada tsawon rahoton ya tsorata mai karatu, domin lambobi kaɗan ne ake bukata. Lamba 8001 tana nufin an haɗu, 8002 an yi ƙoƙari an kasa, 8003 kuwa an haɗu amma an rabu. In aka ga 11006, to a matakin kalmar sirri aka tsaya.

Amma kafin a duba kowace lamba, a duba lokaci. Wannan shi ne abin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi saurin warware magana. Ya kamata mutum ya rubuta sa'a da mintin da intanet ta yanke masa a takarda, har kwana biyu ko uku, sa'an nan ya gwama da rajista. Alal misali, in 8003 tana fitowa daidai lokacin da aka ɗauke wuta ko aka juya layi zuwa janareta, bayan minti ɗaya ko biyu kuma 8001 ta biyo baya, to ba abin da ya sami kwamfutar. Rauta ce ta mutu ta sake tashi, maganinta kuwa ƙaramin batirin da zai riƙe ta a tsakanin wuta da wuta. A lura kuma, waɗansu rautoci agogonsu yakan rikice in wuta ta ɗauke, saboda haka agogon kwamfuta ya fi cancanta a dogara da shi.

Ita ma rauta tana da tata rajistar, ana shiga ta adireshin da galibi aka rubuta a ƙarƙashin akwatin. A can, da kuma a rajistar waya, akan ga kalmar reason tare da lamba. Waɗannan lambobi suna cikin ƙa'idar 802.11 wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fara fitarwa a 1997, don haka ma'anarsu ɗaya ce ko wane kamfani ya ƙera na'urar. Lamba 3 tana nufin ɗaya daga cikin biyun ne ya tafi da kansa. Lamba 4, an sallami na'urar domin ta daɗe shiru, abin da yakan faru in waya tana tattalin batiri. Lamba 5, rauta ta cika, ba ta iya ɗaukar duk waɗanda suka hau kanta, kamar yadda akan gani a ofis ko makaranta. Lamba 15 kuwa ita ce musayar saƙon nan huɗu ba ta kammala cikin lokaci ba. Yawanci kalmar sirri ce ba daidai ba, musamman in an canza ta amma wayar tana riƙe da tsohuwar; sai a umarci wayar ta manta da wannan Wi-Fi, a sake shigar da kalmar. Sai dai raunin sigina ma yakan haifar da lamba 15, don haka a matso kusa da rauta a gwada kafin a yanke hukunci.

Ana auna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm, kuma lambar tana da alamar debewa a gabanta. Wanda yake kan -50 yana da sigina mai kyau, -70 an fara wahala, -80 kuwa sai dai a yi ta yankewa. Kada kusancin lambobin ya ruɗe mu: siginar -70 ta fi ta -50 rauni sau 100. Katangar siminti da ƙofar ƙarfe suna rage ta ƙwarai, kuma zangon 5 GHz, ko da yake ya fi sauri, bai kai na 2.4 GHz ratsa bango ba.

Idan kalmar sirri ta wuce amma adireshin kwamfuta ya fara da 169.254, to rauta ba ta ba ta adireshi ba, ita ce ta laƙaba wa kanta. Irin wannan adireshi ba ya kai kowa intanet. A kashe rautar a sake kunnawa.

Wayar Android takan faɗi matakin a fili a ƙarƙashin sunan Wi-Fi, ko matsalar tantancewa, ko neman adireshi, ko kuma an haɗu amma babu intanet. Mai son cikakken bayani sai ya taɓa Build number sau 7 a cikin saitin waya, ya shiga sashen da zai bayyana ya ɗauki rahoton matsala. Amma a yi hattara, wannan rahoto yana ɗauke da sunayen Wi-Fi da aka hau da waɗansu bayanan mai waya, bai kamata a tura wa wanda ba a amince da shi ba.

In rajista ta nuna an haɗu, an sami adireshi mai kyau, sigina kuma da ƙarfi, amma duk na'urorin gidan ba mai buɗe kome, to magana ta koma mataki na huɗu. A fara duba ko data ce ta ƙare. In da saura, a kira kamfani a ba su ranaku da lokutan da aka rubuta, a karɓi lambar ƙorafi. Idan ba su biya bukata ba, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya tana karɓar ƙorafin jama'a kyauta a kan lamba 622, kuma za a nemi wannan lambar ƙorafi da kamfanin ya bayar.